Shehu Usmanu Ɗanfodiyo: Malamin da ya ƙi zinaren Sarkin Gobir, ya nemi a saki ɗaurarru

Kufan Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Mutane da yawa sun san cewa a nan dakarun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Sarki Yunfa da yaƙi a 1808. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne shekara 30 da Shehun ya yi yana kare talakawa da wa'azi kaɗai, kafin a kai ga ɗaukar makami.

An haife shi a Maratta cikin watan Disamban 1754, ya tashi a Degel. Ya yi karatu a wajen malamai da dama, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Yana da shekara 20 ya fara wa'azi, yana zagaya ƙauyukan Gobir da Kabi da Zamfara. Da Hausa da Fulfulde yake yi wa jama'a magana, shi ya sa manomi da makiyayi duk suka fahimce shi. Mata ma suna halartar karatunsa. Da aka soke shi a kan haka, sai ya ɗora laifin a kan malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Masu tarihi sun ruwaito cewa Shehu ya ƙi karɓar zinaren da aka ba shi, ya nemi abu biyar a madadinsa: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Cikin waɗanda aka saka har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara.

Wannan sassauci bai ɗore ba. Sarki Nafata ya hana kowa wa'azi ban da Shehu, ya kuma hana rawani da lulluɓi. A ƙarshen 1803, rundunar ɗansa Yunfa ta afka wa Gimbana, garin almajirin Shehu, Abdussalami, ta kame mutane. Da aka biyo da su ta Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan zama ya gagara, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, yaƙi ya ɓarke.

A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa zaluncin da yake adawa da shi: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da kamuwa, wato ƙwace dabbobin mutane a ɗora musu kayan sarki.

Nasarar ba ta share duk hawayen talaka ba. Yaƙin ya ci rayuka, Gobirawa da dama suka watse, bauta kuma ta ci gaba a sabuwar daula. Ƙanensa Abdullahi ma sai da ya bar rundunar ya nufi Kano saboda takaicin son duniya da ya gani a tsakanin wasu mayaƙa. Shi kuwa Shehu ya bar harkar mulki a hannun Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma karantarwa da rubutu a Sifawa. Ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilun 1817.

A yau, mazauna ƙauyukan Sabon Birni da Isa na kokawa kan 'yan'uwansu da ke hannun 'yan bindiga, da harajin da ake ƙaƙaba musu kafin su shiga gonakinsu. Sakin ɗaurarru da sauƙaƙa haraji, biyu daga cikin buƙatun Magami, su ne dai bakin mutanen yankin har gobe.