Glenn Millikan: Mutumin da ya auna iskar jini ta kunne

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jiragen yaƙi kan suma idan suka lula sama, saboda ƙarancin iskar oksijin, kuma ba su ankara sai aikin gama ya gama. Glenn Allan Millikan ne ya samar da abin da zai yi musu gargaɗi.

An haife shi a birnin Chicago na Amurka a shekarar 1906. Mahaifinsa, Robert Millikan, shi ne ya ci lambar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1923. Glenn ya yi karatu a Harvard, sannan ya wuce Cambridge a Ingila, inda ya zurfafa bincike kan yadda jini da tsoka ke riƙe oksijin.

Tsakanin 1940 da 1942, a Jami'ar Pennsylvania, ya ƙera wata 'yar na'ura mara nauyi da ake maƙalawa a kunne. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ja ne jawur, wanda ya rasa kuwa yakan yi duhu. Don haka sai ya sa ƙaramar fitila tana haska fatar kunne, wani ma'auni a ɗaya gefen yana karanta hasken da ya ratsa, ba tare da allura ko ɗibar jini ba. Bajamushe Karl Matthes ya riga shi gwada dabarar a 1935, amma ta Millikan ce mutum ke iya sawa yana bakin aikinsa, kuma shi ya raɗa mata sunan oksimita.

Bai ga inda aikin nasa ya kai ba. A watan Mayun 1947 dutse ya faɗo masa a ka yana hawan tsauni a jihar Tennessee, ya mutu yana ɗan shekara 41. Abin mamaki, matarsa Clare 'yar George Mallory ce, wanda shi ma ya halaka a tsaunin Everest a 1924.

A 1972 Takuo Aoyagi na Japan ya gano yadda za a haɗa awon da bugun jini, daga nan aka samu na'urar yatsa da miliyoyin mutane suka yi amfani da ita a gida lokacin annobar korona. Sai dai har yanzu da sauran aiki: wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa na'urar ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata.