Nana Asma'u 'yar Shehu: nutsuwar da aka koya a tsakar gida

Makon jiya bayan la'asar wani matashi cikinmu ya nuna mana wata manhaja a wayarsa, wadda ke koya wa mutum ya zauna minti goma, ya bi numfashinsa, in tunani ya gudu ya dawo da shi. Asalin abin daga addinin Buda ne, kuma a 1979 wani malamin jami'ar Massachusetts a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya shigar da shi harkar jinya. Hukuncinsa mun bar wa malamai. Amma abin da ya tura yaron nema mun san shi: rashin barci da faɗuwar gaba. Wanda ya ga 1987 ko 2011 a Kafanchan, ko wanda jarinsa ya narke lokacin da cuta ta cinye citta a 2023, ba sai an yi masa bayani ba. Shi ya sa filin tarihinmu na yau ya ɗauko wata baiwar Allah da ta rayu cikin tashin hankalin da ya fi namu, ta kuma koya wa mata yadda za su tsayar da zuciya suna cikin gidajensu.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. A al'ada Husaina za a kira ta, amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Gida ne na Ƙadiriyya, inda wuridi da karatu suke kamar ci da sha, kuma mata ba a bar su a baya ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Daga nan sai yaƙi da yunwa da ƙaura: nasara a Tafkin Kwatto, asara mai zafi a Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka yi shahada, sai Gwandu, har aka ci Alƙalawa a 1808. Cikin wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta binne mahaifinta a 1817, ta binne Bello a 1837, ta yi wa 'yan uwa da ƙawaye marsiyya ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne muke so mu ɗan tsaya. Asma'u ba ta shiga kogo ba, ba ta hau dutse ba. Gidan Waziri gida ne na baƙi, manzanni na shiga suna fita, ga 'ya'ya, ga girki, ga masu neman fatawa. A cikin wannan hayaniya ta yi ibadarta da rubutunta. Da Bello ya nemi ta mayar da littafinsa na nasiha ga mata zuwa waƙa, sai ta jero salihan mata tun daga iyalan Annabi (SAW) da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har ta gangaro kan matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ido da ido. Abin da ta yaba musu shi ne yawan zikiri, tsayuwar dare, azumi, haƙuri da kyautata wa maƙwabta. A ganinmu hikimar ke nan: ta nuna wa mace mai daka cewa wannan daraja ba ta mutanen Bagadaza kaɗai ba ce.

Yaƙi ya bar ƙauyuka cike da zawarawa da matan da aka raba da garuruwansu, kuma da yawa in zuciya ta ƙuntata bori suke nufa. Asma'u ba ta tsaya ga tsawatarwa ba, ta ba su abin riƙewa. Ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa su jaji, ta ɗora wa kowacce malfa da jan ƙyalle. Jaji kan taho Sakkwato da 'yan mata ƙanana da tsofaffi, su haddace waƙoƙinta, su koma su koya wa matan aure da ba su iya barin gida. Su ne 'Yan Taru. Waƙa ɗaya ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114, wasu na tuba ne, wasu na salatin Annabi, wasu na tuna mutuwa. Mace na kaɗi ko niƙa, harshe na maimaitawa, hankali na dawowa wuri ɗaya. Zuma da man shanu da hatsin da suka kawo mata kyauta kuwa, mabuƙata take rabar wa.

Mun san a sahunmu akwai ɗan ɗarika akwai ɗan Izala, kuma ba mu buɗe wannan shafi don jayayya ba. Akwai abin da babu saɓani a kansa: azkar na safe da yamma, tasbihi 33 bayan kowace farilla, da zama a wurin sallah bayan asuba. Matsalarmu ba rashin sanin lafazin ba ce. Yatsa na jan carbi, zuciya tana kasuwa tana lissafin buhu. To a gwada haka a gida: bayan asuba kada a taɓa waya, a zauna kan tabarma ko da minti goma, a faɗi kalmar a hankali yadda kunne zai ji, a san ma'anarta. Tunanin bashi zai zo, dole ne. In ya zo a lura da shi, a koma kan zikirin, ko sau ashirin ne. Maigida kuma ya riƙe yaro na ɗan lokacin, uwargida ita ma ta samu nata. Wanda rashin barcinsa ya yi tsanani, ya haɗa da ganin likita.

Nana Uwar Daje, kamar yadda ake kiranta, ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Ɗanta Abdulƙadir ya yi Waziri bayan ubansa, kuma daga zuriyarta ne Waziri Junaidu ya fito. Har yau mata na zuwa Hubbare daga ƙauyuka a ƙungiya, jaji na gaba. Allah Ya jiƙanta da rahama.