Likitan da Ya Ƙi Barin Mutanensa

Karatu: Yohanna 15:9-17

Mai karatu, idan aka ce maka jarumin yaƙi, na san wanda za ka fara tunawa shi ne mai bindiga. Yau ina so in ba ka labarin wani jarumi wanda aikinsa shi ne ɗaure miki da ɗaukar waɗanda suka faɗi.

A ƙasar Ingila akwai wata lambar yabo da ake kira Gicciyen Victoria. Sarauniya Victoria ce ta kafa ta a 1856, gab da ƙarshen yaƙin Kirimiya. Ɗan ƙaramin gicciye ne na tagulla, amma a wurin sojan ƙasar babu lambar da ta fi shi daraja. Ba a ba da shi sai ga wanda ya sayar da ransa a gaban abokan gāba. Miliyoyin sojoji sun yi yaƙi, amma waɗanda suka same shi ba su kai 1,400 ba. Mutum uku ne kaɗai suka same shi sau biyu, biyu daga cikinsu kuwa likitoci ne. Ɗayansu shi ne Noel Chavasse.

An haifi Noel a birnin Oksfod a 1884, shi da ɗan tagwayensa Christopher. Mahaifinsu bawan Allah ne, ya zama bishop na Liverpool a 1900. Noel ya tashi cikin tsoron Ubangiji. Ga shi da gudu, har shi da ɗan'uwansa suka yi tseren mita 400 a wasannin Olamfik na Landan a 1908. Ya gama karatun likita, da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 kuwa, sai ya tafi tare da wata bataliyar Liverpool a matsayin likitansu.

A watan Agusta na 1916, a Guillemont ta Faransa, aka yi wa bataliyarsa mummunar ɓarna. Noel ya yini yana jiyyar mutane a fili, harsasai suna zuba. Da dare ya yi, ya fita yana laluben waɗanda suka rage a gaban ramukan Jamusawa. Ɓarɓashin bam ya same shi a haƙarƙari, duk da haka ya koma. Ya ceci wajen mutum 20 masu mugun rauni. Wannan ne ya kawo masa gicciye na fari.

Ran 31 ga Yuli 1917, a Wieltje ta Beljiyam, aka ji masa ciwo a kai yana ɗauke da wani soja. Ya ƙi barin wurin aikinsa. Kwana biyu yana fita yana kwaso mutane, ga yunwa, ga gajiya, ga jini. Sai bam ya faɗa cikin ramin da yake jiyya. Ya rasu ran 4 ga Agusta, yana da shekara 32, bai kai ga auren budurwar da ya yi wa alkawari ba. Gicciye na biyu bai gan shi da idonsa ba. A kan kabarinsa a Brandhoek an sassaƙa gicciyen sau biyu, tare da kalmomi daga Yohanna 15:13.

Ɗan'uwana, ka lura da abu ɗaya. Noel yana da hujjar tafiya asibiti, ba wanda zai zarge shi, amma ya zauna domin akwai sauran mutane a kwance. Haka Ubangijinmu Yesu ya ƙi saukowa daga nasa gicciyen saboda ni da kai.

Wataƙila ba za ka taɓa shiga fagen fama ba. Amma akwai wanda ya faɗi kusa da kai: gwauruwar da ba mai leƙa ta, majiyyacin da dangi suka gaji da shi, saurayin da ya daina zuwa sujada. Kada rana ta faɗi yau ba ka je wurinsa ba.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni zuciyar da ba ta gudu ta bar ɗan'uwa a kwance. Cikin sunan Yesu, amin.