Dick Tiger, Ɗan Damben da Ya Koyi Nasara Wajen Faɗuwa

Idan kaka ta yi, aka gama shigar da amfanin gona, samari a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada sukan taru a dandali, a buga kalangu, a yi dambe. Wani saurayi da an kashe shi sau ɗaya sai ya kwance hannu, ya ce shi ba a haife shi da dambe ba. Labarin Dick Tiger ya nuna cewa wannan zance kuskure ne.

Sunansa na yanka Richard Ihetu. An haife shi a garin Amaigbo, cikin ƙasar Ibo, a 1929. Iyayensa talakawa ne. Da ya tasa sai ya tafi Aba, yana tattara kwalabe yana sayarwa a kasuwa. A can ya fara damben Turawa, wanda ake yi da hannu biyu cikin safar fata.

A 1955 ya haye teku zuwa birnin Libaful na Ingila. Ga sanyi, ga baƙunta, ga aikin lebura a gidan fenti. Karonsa huɗu na farko duka aka cinye shi. Ƙarfi kam yana da shi, amma dabara ta yi masa ƙaranci, domin a irin wannan dambe alƙalai suna ƙirga naushin da ya sauka daidai ne.

Bai yi zuciya ya koma gida ba. Ya sami sabon mai horarwa, ya duƙufa. Ya koyi kāre fuska da ciki, ya koyi haƙuri har abokin karo ya yi sake, sa'an nan ya mayar masa da naushin hagu. A 1957 ya ci Terry Downes, wanda Ingila ke ji da shi. A 1958 ya doke Pat McAteer, ya zama zakaran matsakaita nauyi na Daular Ingila.

Daga nan ya wuce Amurka a 1959, ya sake zama almajiri a hannun wasu masu horarwa. Ran 23 ga Oktoba 1962 ya ci Gene Fullmer bayan turmi 15, ya zama zakaran duniya yana da shekara 33. A watan Agusta 1963 suka sake karawa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, ya kuma cinye shi a gaban mutanen ƙasarsa.

A ƙarshen wannan shekara Joey Giardello ya ƙwace masa kambun. Ya koma ya gyara kurakuransa, ya karɓo abinsa a 1965. A 1966, yana da shekara 37, ya hau ajin waɗanda suka fi shi nauyi, ya ci José Torres, ya zama zakaransu su ma.

Amma horo ba ya tsare tsufa. A 1968 Bob Foster, wanda ya fi shi tsawo da ƙuruciya, ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu. Yaƙin basasa kuma ya cinye masa dukiya mai yawa. Ciwon daji na hanta ya kama shi, ya komo gida, ya mutu a Aba ran 14 ga Disamba 1971, yana da shekara 42.

Da ya kwance hannu bayan faɗuwar nan huɗu, da ba wanda ya san sunansa. Ƙarfi baiwa ce ta Allah, amma gwaninta sai an sha wuya ake samunta. Haka abin yake a dandali, haka yake a aji. Yau da gobe ita ke sa allura ta gina rijiya.