Jane Addams: Matar da Ta Zaɓi Zama Maƙwabciyar Matalauta

A shekara ta 1850 mutanen birnin Shikago na ƙasar Amurka kimanin 30,000 ne. Da aka kai 1890 sun haura miliyan ɗaya. Masana'antu da jiragen ƙasa ne suka jawo baƙi daga Italiya, Jamus, Rasha da sauran ƙasashen Turai. Masu masana'antu suka azurta, ma'aikata kuwa suka cunkushe cikin ƙananan ɗakuna, yara ƙanana suna aiki tun safe har dare. Cikin irin wannan unguwa Jane Addams ta je ta zauna da son ranta.

An haife ta ran 6 ga Satumba, 1860, a ƙauyen Cedarville na jihar Ilinoi. Mahaifinta, John Addams, mai injin niƙa ne kuma ɗan majalisar dattawan jihar. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara biyu, ciwon ƙashin baya kuma ya kama ta tun tana ƙarama. Ta gama makarantar mata ta Rockford a 1881, shekarar da mahaifinta ya rasu. Ta fara karatun likita, amma rashin lafiya ya tsayar da ita. Ta yi shekaru tana da ilimi da dukiyar gado, ba ta san abin da za ta yi da su ba.

A 1888 ta ziyarci Toynbee Hall a Landan, gidan da masu ilimi ke zama tsakiyar matalauta. A watan Satumba na 1889, ita da ƙawarta Ellen Gates Starr suka buɗe irinsa a Titin Halsted na Shikago, aka kira shi Gidan Hull. Suka fara da renon yaran da iyayensu mata ke wurin aiki, sannan ajin dare na manya, ɗakin karatu, wurin wanka da filin wasa. Sannu a hankali gidan ya zama gine-gine 13.

Zaman maƙwabtaka ya nuna mata abin da mai ba da sadaka daga nesa ba ya gani. Yaron da aka ciyar da dare, da safe zai koma bakin injin da ke yanke yatsu. Ta gane cewa jinƙai bai cika ba sai an bi wahala har tushenta. Florence Kelley, wadda ta zo zama a gidan, ta bincika ɗakunan ɗinki na unguwar, kuma a 1893 jihar Ilinoi ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 14 aiki a masana'anta. Dokar ta kuma ƙayyade aikin mata kan sa'o'i 8 a rana, ko da yake kotun ƙoli ta jihar ta soke wannan sashe a 1895. A shekarar ne aka naɗa Addams mai duba kwasar shara a unguwarta. Takan fito da sassafe ta bi kekunan shara don ta tabbata an yi aikin da aka biya kuɗinsa. A 1899 kuma, da taimakon matan Gidan Hull, aka buɗe kotun yara ta farko a Amurka, domin kada a ƙara haɗa yaro da manyan masu laifi.

Daga nan ta shiga al'amuran ƙasa. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙar fata a 1909. A 1912 ta goyi bayan Theodore Roosevelt a takarar shugaban ƙasa, ta kuma yi fafutukar samar wa mata ƙuri'a, abin da ya tabbata a 1920.

Gwajinta mafi tsanani shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1915 ta shugabanci taron mata masu neman sulhu a birnin Hague, ta kuma ƙi goyon bayan shigar Amurka yaƙin a 1917. Jaridun da suka saba yabonta suka juya mata baya, aka zarge ta da rashin kishin ƙasa. Ba ta janye ba. A 1931 ta zama mace ta farko daga Amurka da ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ta rasu ran 21 ga Mayu, 1935, aka binne ta a Cedarville. Ƙungiyar Gidan Hull ta rufe a 2012, amma tsohon ginin yana nan a matsayin gidan tarihi.

'Yan'uwa, nisan Shikago da Mayo Bani bai sa tambayar ta canza ba. Mun san yaran da ke talla a kasuwar Mubi lokacin da tsaransu ke aji, mun san magudanun da shara ke toshewa da damina. Ba da abinci da tufa aikin kirki ne, kada mu fasa. Amma maƙwabci na gaskiya yakan tambayi abin da ya fitar da yaron daga makaranta, ya tafi wurin mai unguwa da hukuma, ya yi ta komawa har a gyara.