Tarihin magabata: Ibnu Taimiyya, malamin da zancen ziyarar kabari ya kai shi kaso

Duk wanda ya taɓa zama rumfar kasuwa ya ji ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suna gardama bisa zuwa hubbaren waliyyai, to ya ji an ambaci Ibnu Taimiyya. Wasu na sa masa albarka, wasu ko sunansa ba su son ji. Yau ga tarihin mutumin.

Sunansa Ahmad ɗan Abdul Halim. An haife shi a 1263 a garin Harran, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Yana da shekara shida yaƙin Mangolawa ya tashe su daga gida, iyayensa suka ɗora littattafansu bisa amalanke, suka yi gudun hijira zuwa birnin Dimashƙa a ƙasar Sham. Gidan malammai ne, ƴan mazhabar Hambaliyya. Da mahaifinsa ya rasu shi ya gaji buzunsa na karantarwa, bai wuce shekara 22 ba. Har ya bar duniya bai yi aure ba.

Ba malamin zaure ba ne kawai. A 1303, da Mangolawa suka sake kawo hari cikin watan azumi, ya bi rundunar musulmi zuwa fagen daga a Shaƙhab, ya ba mayaƙa fatawar su sha ruwa don su samu ƙarfi. Talakawan birni sun so shi ƙwarai saboda wannan.

A 1305 kuwa ya yi abin da ya raba kan mutane. Akwai wani dutse a masallacin Naranj wanda jama'a ke ziyarta, suna yi masa bakance. Malam ya ɗauki almajiransa da masu fasa dutse, suka je suka sare shi.

To mi yake cewa a haƙiƙa? Nan ne ake yawan yi masa ƙari. Bai hana zuwa maƙabarta ba: a je a yi ma mamata sallama da addu'a, a tuna da lahira, wannan sunna ce a wurinsa. Abin da ya ƙi shi ne a ɗaura kaya a yi tafiya takanas don kabari, ko da na Annabi ne (SAW), don hadisi ya ambaci masallatai uku kaɗai, na Makka, na Madina da na Ƙudus. Kiran mamaci a roƙe shi haihuwa ko buɗin kasuwa kuwa, wannan ne ya kira shirka. Hujjarsa, mutanen Annabi Nuhu ba da gunki suka fara ba, da girmama mutanen kirki da suka mutu suka fara. A Sham ta lokacin musulmi na zaune da kiristoci da yahudawa, kowa da wurarensa masu tsarki, shi kuma yana ganin musulmi na kwaikwayon maƙwabtansu.

Waɗanda suka ja da shi su ma ba jahilai ba ne. Alƙalin Malikiyya na Alƙahira, Al-Ikhna'i, da babban malamin Shafi'iyya As-Subki sun rubuta masa raddi. A ganinsu mai ziyarar Annabi ƙauna ce ta kai shi, ba bauta ba, kuma girmamawa daban, bauta daban. Ni a nawa gani, da za a riƙa bambanta mai gaisuwa da mai roƙo kamar yadda malamman nan suka yi, da rabin gardamar rumfunanmu ta mutu.

An sha kulle shi: a Alƙahira, a Iskandariyya, sannan a Dimashƙa a 1320 saboda fatawarsa a kan saki. A 1326 aka tono wata tsohuwar fatawarsa ta ziyara, sarkin Masar ya ba da umurni aka sa shi kaso cikin ganuwar Dimashƙa, har da almajirinsa Ibnul Ƙayyim. A can ya ci gaba da rubutu. Da raddinsa ga Al-Ikhna'i ya fito, aka kwashe masa takardu da alƙalami da tawada, ya koma rubutu da gawayi. Cikin kason ya rasu, ran 26 ga Satumba 1328, yana da shekara 65.

Ranar jana'izarsa an rufe kasuwannin birni, maza da mata dubbai suka fito. Almajirinsa Ibnu Kasir ya rubuta abin da ya faru, kuma abin mamaki ne. Wasu sun shanye sauran ruwan wankan gawarsa, wasu sun rarraba ragowar magaryar da aka yi masa wanka da ita. Mutane na jefa rawunansu da mayafansu bisa makara don neman albarka. Hular da ke kansa sai da aka taya ta dirhami 500.

Aka rufe shi a maƙabartar Sufaye, kusa da ɗan'uwansa Abdullahi, jama'a suka yi kwanaki suna zarya ga kabarin dare da rana. Daga baya gine-ginen jami'ar Dimashƙa sun cinye maƙabartar, amma nasa kabarin an bar shi a wurinsa.