Abdullahi ɗan Fodiyo

Abdullahi ɗan Fodiyo (an haife shi wajajen shekarar 1766, ya rasu a 1829) malami ne, mawaƙi, masanin nahawun Larabci, kuma Sarkin Gwandu na farko. Ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Ya yi mulki daga Gwandu da ke jihar Kebbi a yau, ba nisa da ƙasar Tambuwal ta kudancin jihar Sakkwato.

Karatu

Ya fara karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, daga nan ya koma hannun yayansa. A wurin Shehu ya karanci Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙa shida na zamanin jahiliyya, da littattafan nahawu irin su Ajurumiya. Ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umar. An san wannan dalla-dalla domin shi da kansa ya jera malamansa da abin da ya karanta a gabansu a littafinsa Ida'un Nusukh.

Jihadi da mulki

Shi ne ya jagoranci rundunar jama'ar Shehu a yaƙin Tafkin Kwato a 1804. Bayan 'yan shekaru, ganin yadda neman dukiya da sarauta ya fara shiga zukatan wasu mayaƙa, sai ya bar fagen fama da niyyar tafiya Makka. Bai wuce Kano ba. Mutanen garin suka riƙe shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan dokokin mulki, sannan ya koma gida. A 1812 Shehu ya ba shi yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, dangantakarsu ta yi tsami, sai a yaƙin Kalambaina suka daidaita.

Rubuce-rubuce

Ya rubuta tafsiri mai suna Diya'ut Ta'awil, da Al-Bahrul Muhit kan nahawu, da Al-Hisnur Rasin kan sarfu, biyun ƙarshe duka a waƙe domin sauƙin hadda.

Masu nazarin adabi sun fi komawa ga Tazyinul Waraƙat na 1813. A nan ya tattara ƙasidunsa, yana gabatar da kowace da bayanin lokaci da dalilin yin ta, wato mawaƙin ya zama mai sharhin aikinsa. Tsarin ƙasidun na tsofaffin mawaƙan Larabawa ne, har da buɗewa da tsayawa a kufai, amma zafafan baitocinsa a kan mutanensa suka faɗa. Wanda ya karanta littafin a matsayin tarihin yaƙi kaɗai ya bar rabinsa.

Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Ibadan a 1963. Ta wannan fassarar ɗaliban da ba su iya Larabci ba suke nazarinsa, ko da yake ƙafiya da ma'aunin waƙar ba su tsallaka zuwa Ingilishi ba.

Rasuwa

Ya rasu a Gwandu, kuma a can kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu Wani ne ya gaje shi.